Abin da Oga Bai Koya Mana Ba

A Funtua da Malumfashi, mai zane a kwamfuta ba da Janairu yake lissafin shekara ba, da masara yake yi. Da damina kasuwarmu sanyi ƙalau, daga fotokwafi sai hoton fasfo, domin kuɗin kowa na gona. Amma da zarar an fara karyar masara, manyan motoci sun fara lodi a Dandume da Bakori, to aure ya tashi. Wannan na son katin gayyata, wancan kalandar ango da amarya, Islamiyya na son takardar shaidar sauka, mai shagon taki na son sabon allo, in kuma shekarar zaɓe ce ga 'yan takara da 'yan korensu sun cika benci. Duk a cikin wata biyu zuwa uku, kuma kowa gobe da safe yake so.

A lokacin ne asirinmu ke tonuwa. Zaga shagunanmu daga titin Zariya zuwa titin Katsina, ka hau mota ka bi ta Bakori ka sauka Malumfashi, abu ɗaya za ka tarar a kowace kwamfuta: CorelDRAW, yawanci X3 ko X7, wanda wani ya kwafo wa wani a filashi, kada dai a tambayi rasit. Aikin ma iri ɗaya ne. A sa wa rubutu inuwa. A zuba launin nan mai gangarowa daga ja zuwa ruwan ɗorawa. A manna furen zinariya a kusurwa huɗu, furen da kowa ya gada daga folda ɗaya, har ta kai in ka ga katin aure a Kafur sai ka rantse a shagonka aka yi shi. Shi ke nan iliminmu. Manhaja mai ɗaruruwan kayan aiki, mu kuwa uku muka riƙe, tamkar wanda ya sayi tarakta sabuwa fil amma ba ya tayar da ita sai zai je ɗaurin aure.

Ba wai Turawa ne suka ɓoye mana ba. Kamfanin Corel da ke Ottawa a Kanada ya fito da manhajar tun 1989, kuma duk abin da ya ƙara mata yana nan jere a fuskar kwamfuta, ko kwado babu. Yadda muka koyi sana'ar ne ya jawo. Mahaifinka ya kama hannunka ya kai ka shago ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, a koya masa kwamfuta." Ka yi watanni kana shara da sayo man janareta da yankan kati, sannan a bar ka ka tsaya a bayan oga kana kallon yatsunsa. Abin da ya danna shi ne karatu. Abin da bai taɓa dannawa ba kuwa, taɓa shi ɓata kwamfuta ne. Shi ma haka ya ɗauko daga nasa ogan a Kaduna ko Kano zamanin Corel 9. Akwai ma ogan da in ya zo kan wata dabara sai ƙishirwa ta kama shi, ya aike ka sayo ruwan leda, kafin ka dawo aiki ya haɗu. Mun yi Allah wadai da halin, muka buɗe namu shagunan, yanzu yaranmu ne ke sayo ruwan.

To, yau ba mai zuwa ko'ina, kowa ya gyara zama. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya, Anchor Borrowers, a Kebbi a 2015, ƙungiyoyin manoman masara da shinkafa da auduga suka ƙaru a yankin nan, ƙungiya kuwa ba ta cika ƙungiya ba sai da katin shaida. Sakatare zai shigo da littafi cike da sunaye, mutum 300 ko 400, ya ce, "Oga, taro fa jibi ne." Me muke yi? Mu zana kati ɗaya, mu kwafa, mu goge suna, mu rubuta na gaba, mu sake kwafa. Wajen ƙarfe 2 na dare ido ya raina fata, sunan wannan ya hau lambar wancan, a jerin da masu suna Sani suka cika shafi, rabinsu kuma sunan ubansu ɗaya.

Alhali a ƙarƙashin File akwai wani abu da aka rubuta wa Print Merge, kullum muna tsallake shi mu je mu danna bugu. Aikinsa ɗura sunaye. Ka rubuta jerin a Excel, suna a layinsa, ƙauye a layinsa, lamba a layinta. Ka zana katin sau ɗaya tak, ka nuna masa gurbin da kowanne zai zauna. Shi zai bi jerin daga sama har ƙasa ya fitar da katin kowa kafin mai shayi ya soya maka ƙwai. Yana kuma ƙirga da kansa: rasit na mai shagon taki, tikitin gasar ƙwallo, lambar takardar shaida, ka ba shi ta farko da ta ƙarshe kawai. Hoton fasfo ne dai tsofaffin Corel ba sa ɗurawa, wannan sai da hannu. Kafin a taɓa kati kuma, ka buga jerin a farar takarda ka ba sakatare ya duba ya sa hannu. Daga nan duk Sanin da ya koma Salisu, su ƙarata can a wajen taro.

Jera katunan a takarda ma da ido muke yi, muna ja da linzami muna karkata kai, sai an kai wajen yanka a ga wuƙa ta cinye kunnen mutum. A cikin dubawar da ake yi kafin bugu akwai ma'aunin jeri: ka faɗa masa layi nawa a tsaye, nawa a kwance, da tazarar tsakani, ya shirya su daidai wa daida har da alamar inda wuƙa za ta bi. Wanda ya ga wannan ya yi masa nisa, ga na kusa. Danna Ctrl da D ka sami kwafi, ka ajiye shi inda kake so, duk dannawar da ta biyo baya wannan tazarar za ta bi. Harafin P shi kaɗai yana kai abu tsakiyar shafi. Na ga mai shago da furfurarsa yana neman tsakiya da rula a jikin gilashin kwamfuta.

Maganar wuta ba sai an daɗe a kanta ba. Kowa ya san ƙarar da ke fita daga shagon zane in aka ɗauke ta ana tsakiyar aiki: salati ne da farko, abin da ke biyo baya ba ya rubutuwa. Corel na ajiye aiki da kansa, amma yadda ya zo daga kamfani sai bayan minti 20 yake yi, lissafin ƙasar da ba a ɗauke wuta. Shiga Tools, ka gangara Options, ka nemi wajen ajiya, ka mayar da shi minti 5, ka zaɓa masa foldar da ka sani. Fayilolin nan kuma da sunansu ke farawa da Backup, waɗanda muke sharewa muna cewa bairos ne, kwafin aikinka ne kafin ajiyar ƙarshe. Ranar da fayil ya ƙi buɗuwa ango na tsaye a kanka, su za su fitar da kai kunya.

Ba rigimar da ta kai ta launi tsufa, kuma masu shagon taki da iri suka fi tayar da ita. Alhaji zai jawo kujera kusa da kai ya zaɓi kore shar, masara tana sheƙi a fuskar kwamfuta. A tura Zariya, direba ya kawo fileks a naɗe, a warware a ƙofar shago.

"Kai ɗan nan, wannan fa?"

"Alhaji, ai shi ne koren da ka zaɓa."

"Ni? Wadda na zaɓa ta sha Yuriya sau biyu. Wannan ko takin gida ba ta gani ba. Wa zai sayi taki a ƙarƙashin masara mai yunwa?"

Mu sai mu ɗora wa mai inji, mai inji ya ɗora wa tawada, tawada ba ta da baki. Abin da ke faruwa shi ne, fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK, kuma akwai kore da shuɗi masu ƙyalli da tawada ba ta kai musu ko za a kwana ana bugu. Tun X5 na 2010 akwai ɗan maɓalli a can ƙasa ta hannun dama da ke nuna kusan yadda launin zai fito a bugu. Danna shi tun Alhaji na zaune, ya yi fushinsa kafin a kashe kuɗi. Wani abokin sana'a a Malumfashi ya fi mu wayo. Ya jera ƙananan murabba'ai masu launi iri-iri, kowanne da lambobinsa a ƙasa, ya buga a injin da yake kai wa aiki, ya kafe a bango. Kwastoma daga bango yake zaɓa, in ya dawo da ƙorafi a nuna masa bango. Mutanen Malumfashi ba su cika riga mu komai ba, amma wannan kam a sallama musu.

A ƙarƙashin Edit kuma akwai mai nema da musanyawa. Mun ɗauka na kalmomi ne kawai, ashe yana bin aiki gaba ɗaya ya juya duk RGB zuwa CMYK, ko ya canza launi ɗaya a wuri 50 lokaci guda. Amfaninsa na fitowa ne ranar da ɗan takara ya kwana a wata jam'iyya ya tashi a wata. Ƙananan rubutun kati kuwa a bar su baƙi zalla, K 100, sauran ukun sifiri. Baƙin da aka haɗa da tawada huɗu, in farantin injin Kord ya goce ko da kaurin gashi ne, sai ka ga sunan waliyyin amarya da ja-ja a gefensa.

Ka ce wa Alhajin nan mai shagon taki ya kawo tambarin shagonsa ka sha kallo. Zai ciro waya ya ɗauki hoton tsohon buhu da ke jingine a sito, ya turo ta WhatsApp, ita kuma ta matse hoton kafin ta isar. Mu ja shi ya cika allo mai ƙafa 10, ya fito dishi-dishi, ba ka bambance zangarniya da tsintsiya. Da an roƙe shi ya turo a matsayin fayil, da WhatsApp ba ta taɓa shi ba. Sauran aikin na PowerTRACE ne, wanda ya shigo cikin Corel tun X3 a 2006. Hoto ɗigo-ɗigo ne, in ka ja shi ɗigon ne ke kumbura. PowerTRACE bin gefen zanen yake ya mayar da shi layi, layi kuwa ko a jikin tirela ka shimfiɗa shi ba ya dushewa. Sai dai ba ya duba: in ka ba shi hoton buhu da ƙurarsa da saƙarsa, har saƙar zai zana maka. A fara mayar da hoton fari da baƙi, a goge dattin, sannan a miƙa masa. Masu yanka sitika ba abin da suke so irin wannan, don wuƙar injinsu layi take bi.

A X3 ɗin dai aka kawo Smart Fill, ɗan bokitin da muke wucewa don mun zaci na zuba launi ne na kullum. Shi duk inda layuka suka kewaye fili, ko da na abubuwa daban-daban ne, in ka danna sai ya yanko maka filin ya zama abu mai zaman kansa. Ga kuma ɗan'uwansa da ya laɓe cikin kayan yanka, mai goge guntun layi daga mahaɗa zuwa mahaɗa. Da waɗannan biyun ake zana dagin Arewa tun daga tushe, zaren nan ya bi ta sama, wancan ya nutse ta ƙasa, yadda masu ɗinkin babbar riga da magina ke yi. Amma je ka duba fostocin gari. Dagi ɗaya ne ke yawo shekara da shekaru, wani ya sauko da shi daga intanet, gefensa duk ya cinye, kowa na mannawa. Abin da magini ya zana da yatsa a jikin soro, mu da kwamfuta sai aro muke.

Fuskokin mutane kuwa, Allah dai ya yafe mana. Hoto ya zo a tsaye, gurbi a kwance, sai mu kama ɗigon gefe mu ja, ɗan takarar kansila siriri ya wayi gari da kumatu tun bai ci zaɓe ba. Ɗigon kusurwa ake ja, abin da ya yi saura a sa shi cikin PowerClip ya ɓoye. Ga farin da muke ƙara wa mutane a Photoshop: a ɗaga haske gaba ɗaya har farar hula ta ɓace cikin bango, amarya ta fito dangin ango na tambayar ko an canza ta. Ctrl da M na buɗe wani layi da ake lanƙwasawa, ka ɗaga duhun fuska kaɗan ba tare da ka ƙone farin kaya ba. Baƙar fata in ta sami haske daidai ba ta neman taimakon kowa. Manhajojin waya masu gyara tsohon hoto da kansu su ma a yi hattara da su. An kawo hoton wani dattijo za a sa a kalandar iyali, aka wanke shi tas, aka wanke har da tsagen fuskarsa. 'Ya'yansa suka duba suka ce mutumin kyakkyawa ne, amma su babansu suke so.

Akwai wadda ta fi duk waɗannan yi mini ciwo. Garin Hausawa, aikin Hausa, kuɗin Bahaushe, amma allunanmu babu haruffa masu ƙugiya, har katin aure ya saba fita da jerin manyan baki. Uzurinmu wai kwamfuta ba ta da su. Wannan uzuri ya mutu tuntuni. Tun shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera wa Hausa salon rubutu mai ƙugiya a kwamfuta. Yau kuwa ƙ da ɗ da ɓ na cikin Arial da Times New Roman da Tahoma na kowace Windows ta zamani, Windows ɗin na da madannan Hausa da za ka kunna, Gboard ta waya ma haka. A Corel, Ctrl da F11 na buɗe akwatin haruffa, ka nemo su ka saka. Inda gizo ke saƙar shi ne salon rubutun ado da muke mutuwar so, masu lauje-lauje, yawancinsu ba don Hausa aka yi su ba. Ka sa ƙ sai ta fito akwati, ko a aro ta wani salon ta tsaya daban a tsakiyar kalma. Maganin bai da wuya. Rubuta k ɗinka, danna Ctrl da Q rubutun ya koma zane, ɗauko abin gyaran gaɓa da F10, ka lanƙwasa mata kai da hannunka. In hannun bai faɗa ba, yanko kan f na wannan salon ka dasa mata, kaurinsu ɗaya. Ka yi wa d da b haka, ka ajiye su a fayil guda, gobe ɗauka kawai za ka yi.

Malaman Islamiyya da na allo su ma suna da ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Tsofaffin Corel kan wargaza rubutun Larabci, haruffa su rabu ko su juya baya, mai zanen da bai yi nisa a allo ba ya buga a haka. Aya ba abin wasa ba ce. In ba ka da sabon Corel, a kawo ta a PDF ko hoto mai kyau, kuma malam ya duba da idonsa kafin bugu. Cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina ta saki salon rubutunta kyauta, har da na ruwayar Warshu da muka tashi da ita. Ƙungiyar SIL kuma ta yi wani mai suna Alkalami, wanda aka tsara kan rubutun hannu irin na Kano, mai kaurin nan da alaramma zai gani ya gyaɗa kai, da wani mai suna Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma. Su ma ba a biyan ko kwabo. Takardar saukar da aka rubuta sunan makaranta da Alkalami daban take a ido, amma mu har yau salon jaridun Larabawa muke mannawa.

Duk wannan hirar masu shago ce. A waje yara sun buɗe kasuwa a aljihu. Ɗan sakandare da PixelLab ko Canva zai haɗa fostar taya murna yana kan bencin mai shayi, ya karɓi kuɗin data, mu muna nan muna taɓe baki wai ai wannan ba dizain ba ne. Wani lokacin da gaskiyarmu. Zai yi aiki daidai faɗin waya, a ce a buga a fileks, a rasa gane mai bikin, alhali da ya saita girman tun farko ya fitar da shi a PDF da ba a ji kansu ba. Amma akwai inda suka sha gabanmu. Manhajar ibisPaint ta Japan, wadda ake saukewa kyauta, tana da abin daidaita hannu: ka ja layi da yatsa yana rawa, ita ta fitar da shi sumul. Tana da rular madubi, ka zana gefe ɗaya ɗayan ya zana kansa, da wadda ke raba fili gida 6 ko 8 ta maimaita zane a kewaye. Na ga wata mai lalle a unguwarmu tana gwada fure a kan hoton hannun amarya kafin ranar kamu, amarya ta zaɓa tun daga ɗakinta. Mai zanen hula ma da zai gwada da ya rage ɓarnar yadi. Manhajar na kuma ɗaukar bidiyon aikin tun daga layin farko, wanda ya fi kowace talla jawo ciniki. Corel bai sami irin wannan madubin ba sai a 2018, mu da muke kan X7 har yau kwafa muke muna juyawa.

A kwamfuta ma akwai na kyauta, na halal, da ba ma kallo don ba a filashin oga muka same su ba. Inkscape na buɗe fayilolin Corel da dama ranar da kwafin filashi ya yi gardama. Krita kuma na da wani yanayi da ke maimaita zanenka ta kowane gefe kana cikin yi, ka ga yadda zai haɗu in an jera shi a yadi. Funtua, gari mai masaƙa tun 1978, ga auduga a bayan gida, a ce yaran shagunanmu ba su taɓa gwada zanen atamfa ko na zanen gado ba, sai furen kusurwa.

Saura tura aiki, inda ake yawan tuntuɓe a bakin ƙofa. Sabon Corel na buɗe aikin tsoho, tsoho ba ya buɗe na sabo. Wajen ajiyewa akwai inda ake zaɓar wa fayil zamaninsa, sai ka tambayi mai inji a Zariya ko Kano wanne gare shi, ko ka hutar da kanka ka tura PDF. Salon rubutun da ke kwamfutarka ba lallai yana tasa ba, in kuwa babu, tasa za ta musanya da wanda ta ga dama, sunan ango ya faɗo layi na biyu. Shi ya sa ake zaɓar komai a danna Ctrl da Q kafin turawa. Layin gefe a shiga F12 a ce masa ya girma tare da zane, in ba haka ba ranar da aka ƙara girman aiki sai ka neme shi ka rasa. A bar wa wuƙa milimita 3 a kowane gefe. A ƙarƙashin File akwai bayanin fayil da ke lissafa maka salon rubutun da ya rage da RGB ɗin da ya ɓuya, duba shi bai kai shan ruwa ba.

Sai dai kafin ka mayar da rubutu zane, ajiye kwafi ɗaya da ake iya gyarawa, ka sa masa sunan mai aikin da kwanan wata, ba "sabo" da "sabo 2" da "sabo na ƙarshe wallahi" ba. Rubutun da ya koma zane ba ya gyaruwa da madannai, a yankin nan kuwa ba a gama katin aure sai wani kawu ya bugo waya daga Danja ya ce bai ga sunansa ba, in an sa kuma ya sake bugowa ya ce wa ya cire masa Alhaji.